Kwanon da Na Auna Mahaifina da Shi

Ranar da malaminmu na darasin falsafa da manɗiƙi ya dawo mana da takardunmu, na karɓi tawa ina murmushi, domin na tabbata duk ajin babu wanda ya zuba Turanci kamar yadda na zuba. Da na buɗe sai na tarar bai ba ni maki ba, bai kuma soke ko da kalma guda ba. A ƙasan shafin ƙarshe kaɗai ya rubuta da jan biro: “Na ji huɗubarka. Ina da'awarka?” Sannan ya ba ni damar in sake rubutawa, in kawo bayan hutun ƙaramar Sallah.

Aikin da ya ba mu a baki mai sauƙi ne. Kowa ya rubuta muƙala wadda ba ta wuce kalma 1,000 ba a kan wata tambaya da ta shafi daidai da kuskure a zaman mutane, ya kafa da'awa ɗaya, ya kawo hujjar da za ta ɗauke ta, ya nemo suka mafi ƙarfi da za a iya yi mata, sannan ya amsa. Ni kuwa na zaɓi ɓoyon hatsi, saboda a lokacin babu zancen da ya kai shi yawo a gari. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin abinci ya kama hawa bai waiwayo ba. A farkon Fabrairun 2024 mata masu gurasa suka fito zanga-zanga a Kano saboda tsadar fulawa, a cikin watan kuma hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar ta garƙame manyan ɗakunan ajiya goma a yankin kasuwar Dawanau bisa zargin ɓoye kayan abinci. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa a watan Maris na shekarar hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Cikin wannan zafi na zauna na cika shafi huɗu da tsinuwa ga marasa imani, na kira su masu shan jinin talaka, na rufe da addu'ar Allah Ya tona asirinsu. Ina tsammanin na yi falsafa.

Da takardar a jaka na hau motar Wudil, daga nan na wuce Gaya, na ƙarasa gida Gafasa ana saura kwana uku Sallah. Ban nuna wa kowa ita ba sai bayan an sauko daga idi da kwana biyu, lokacin da na je gaida Baffa, yayan mahaifina. Baffa bai taɓa zama a ajin boko ba. Zaurensa ne makarantarsa, inda magidanta ke ɗaukar karatun littattafai bayan asuba da bayan la'asar. Na faɗa masa abin da ya faru ne don ya taya ni jin haushi. Ya saurara har na kai aya, sannan ya ce, “To ɗan boko, ajiye takardar. Abin da kake son mutane su yarda da shi, faɗa mini da Hausa, cikin numfashi ɗaya.”

Na buɗe baki na fara da halin da ƙasa ke ciki. Ya ɗaga hannu. Na sake farawa da cewa Musulunci addinin tausayi ne. Ya sake ɗaga hannu. Sau huɗu ina ɗaukowa yana mayar da ni, har na gane cewa abin da na kasa faɗa da harshen da na sha a nono ban mallake shi ba tun farko, Turancin rufa mini asiri kawai ya yi. A karo na biyar na ce, “Allah Ya gafarta Malam, duk wanda ya ajiye hatsi yana jira ya yi tsada azzalumi ne.”

“Yauwa,” in ji shi. “Yanzu ka faɗi maganar da wani zai iya ce maka ƙarya ne. Ita ce da'awa.”

Ya miƙa hannu cikin gafakarsa ya zaro wani ɗan littafi da gefensa ya cinye. Ya tambaye ni ko na tuna Ahalari, littafin tsarki da salla da muka fara da shi muna yara. Ya ce marubucinsa, Shehu Abdurrahman al-Akhdari, shi ne ya tsara wannan ma, Sullam, waƙe ne a kan manɗiƙi, ya kuma gama shi a shekara ta 941 bayan Hijira yana ɗan shekara 21. Na yi mamaki, domin a zatona manɗiƙi kayan Turawa ne da Aristotil ya bar musu gado. Baffa ya yi dariya, ya ce Arisɗo dai sun san shi tun kafin a haifi kakan malamina. Ya ba ni labarin Shehu Maghili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, yadda suka yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Masar, Suyuɗi yana hana karatun manɗiƙi saboda asalinsa na waɗanda ba Musulmi ba ne, Maghili kuwa yana kare shi da cewa gaskiya ake dubawa, ba wanda ya ɗauko ta ba. “Ka ga,” in ji Baffa, “ko halaccin ilimin hujja sai da aka kafa masa hujja.”

Daga nan ya sa na warware da'awata zuwa ƙiyasi, muƙaddima biyu da natija. Na rubuta a bayan takardar: duk mai cin riba daga yunwar mutane azzalumi ne, mai ajiye hatsi sai ya yi tsada yana cin riba daga yunwar mutane, saboda haka mai ajiye hatsi sai ya yi tsada azzalumi ne. Ya sa na karanta masa sau biyu. Ya ce ginin ya miƙe, duk wanda ya yarda da biyun farko ba shi da hanyar tsere wa ta uku. Ina cikin jin daɗin yabon sai ya dube ni ya ce, “To ubanka fa?”

Mahaifina ma'auni ne. Tun ina ƙarami na san shi da kwano a hannu da ƙurar gero a gemu. Da kaka yakan bi kasuwannin ƙauye yana sayen gero da dawa da wake, ya ɗura a buhuna, ya jera a siton da ke jikin gidanmu, ya sa kwaɗo. Ba ya buɗewa sosai sai bazara ta yi nisa, rumbunan mutane sun fara ƙara idan an ƙwanƙwasa. Da ribar da ke tsakanin farashin kaka da na damina aka saya mini allo, aka ɗinka mini kayan makaranta, aka biya mini kuɗin jarrabawa. Duk wannan na sani, amma ko sau ɗaya fuskarsa ba ta zo mini ba sa'ad da nake cika shafi huɗu da tsinuwa. Masu ɓoyon da nake zagi wasu ƙattai ne marasa suna a can Dawanau. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hangen na wani.

Na ce wa Baffa zan sauya batu, in rubuta a kan wani abu dabam. Ya ce wannan ita ce babbar ƙaryar da zan yi. Natija ba ta zama ƙarya don ta yi wa mai ita ciwo. Idan ƙiyasi ya miƙe, hanya biyu ce kawai ta rage: ko in nuna wace muƙaddima ce ta karye, ko in haɗiye natijar ko da tana da ƙaya. Ya ƙara da cewa mu mutanen ƙasar Gaya maƙera ne tun asali, don haka ya kamata in san ba a sanin ƙarfe sai an ɗora shi a uwar maƙera an doka.

Na kwana ina dukan muƙaddimar farko, kafin asuba ta tsage. Mai tuwo a tasha ba ta samun ko sisi sai don mutane na jin yunwa. Haka mai gurasa, haka mai ƙosai, haka manomin da ya kai dawarsa kasuwa. Idan duk mai cin riba daga yunwa azzalumi ne, to duk mai sana'ar abinci a duniya azzalumi ne, wannan kuwa babu mai hankalin da zai yarda da shi. Misali ɗaya tak ya isa ya rushe maganar da aka fara da “duk”. Na koma wurin Baffa da sassafe ina murna kamar wanda aka yi wa bushara, na ce Baba ya kuɓuta. Ya ce ƙiyasina ne ya faɗi, ba a tabbatar da wankin kowa ba tukuna. Ya umarce ni in tafi in gina wa masu ajiyar hatsi hujjarsu, in ƙawata ta har ta kai yadda idan aka karanta wa ɗayansu zai ce ai ko shi bai iya faɗarta haka ba. Wanda ya kayar da ɗan tsana, in ji shi, bai yi kokawa ba.

Wurin Baba na nufa, amma ban gaya masa dalili ba. Na same shi a bakin sito yana ɗinke bakin wani buhu, na karɓi basillar ina taya shi, na riƙa jefa tambayoyi kamar mai son koyon sana'a. Da yake ni ne ɗan fari ba ya kama sunana, “kai wannan” yake ce mini. Ya ce, “Kai wannan, ka taɓa ganin kasuwa da kaka? Kowa ya kawo a lokaci guda. Wannan zai aurar da 'ya, wannan ana bin sa kuɗin taki, wannan zai gyara soro. Hatsi ya yi yawa, mai saye ya yi kaɗan. In ban saya ba, manyan motoci ne za su kwashe su kai birni, in bazara ta yi a dawo mana da shi an ɗora kuɗin mota sau biyu.” Ya lissafa mini shekarar da ƙwari suka mayar masa da wake gari, da shekarar da farashi ya ƙi tashi ya sayar ƙasa da yadda ya saya, da kuɗinsa da ke kwance wata shida ba ya juyawa. Ya ce mutane suna ganin ribar shekara ɗaya, ba sa ganin asarar biyu.

Da na koma kan littattafan da na zo da su, sai na tarar wani masanin tattalin arziki ɗan Sikotlan, Adam Smith, ya riga Baba faɗin haka tun 1776. A cikin littafinsa kan arzikin al'ummai ya kare ɗan kasuwar hatsi da cewa idan ya hango ƙaranci ya ɗaga farashi da wuri, mutane sukan rage ci tun da sauran lokaci, abincin ya kai su sabuwar kaka. Ya kwatanta shi da shugaban jirgin ruwa da ya ga guzuri zai gaza, ya rage wa ma'aikatansa rabon yau don kada su rasa na gobe. Baffa kuma ya ƙara mini da wadda ta fi wannan nauyi a wurinmu: Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ajiyar shekara bakwai ya yi, da ita Masar da kewayenta suka tsira. Garin da babu mai ajiya a cikinsa, kaka za ta zama almubazzaranci, marka ta zama makoki.

A nan na fahimci cewa kalma ɗaya nake ta amfani da ita a kan abu biyu. Akwai ajiya, akwai ɓoyo, ni kuwa na cakuɗa su tun daga layin farko. Baffa ya ce wannan shi ne dalilin da ya sa masu manɗiƙi ke fara karatu da ta'arifi kafin su kai ga ƙiyasi, domin yawancin gardamar zaure mutum biyu ne ke kiran abu biyu da suna ɗaya. Ya bayyana mini cewa hadisin da ya zo a Sahihu Muslim yana aibata mai ihtikari, malaman Malikiyya sun ɗaure hukuncinsa da cutarwa: sayen abinci a ajiye ba laifi ba ne matuƙar bai cutar da kasuwa da mutane ba, idan kuwa tsanani ya kai tsanani, hukuma na iya tilasta wa mai abinci ya fito da shi ya sayar. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: a wane lokaci ne ajiya ke rikiɗa ta zama ɓoyo?

Kwana uku na yi a kan wannan tambaya. Na dawo kan misalin jirgin ruwan na duba shi da kyau, sai na ga inda yake yoyo. Shugaban jirgi idan ya rage rabo, kowa yake rage wa, daga babba har yaro. Farashi kuwa ba haka yake rabo ba. Idan kwanon gero ya ninka, mai hali ba ya rage ko loma ɗaya, ragin gaba ɗaya a kan tukunyar matalauci yake sauka. Amartya Sen, masanin nan ɗan Indiya, ya nuna a littafinsa na 1981 cewa a yunwar Bengal ta 1943, wadda ya ƙiyasta ta kashe mutum kusan miliyan 3, abincin da ke ƙasar ya fi na 1941, shekarar da ba a yi yunwa ba. Mutane sun mutu ne saboda abincin ya fi ƙarfin hannunsu. Annabi Yusuf kuwa ya tara ne domin ya buɗe ranar da yunwa ta zo, buɗewar ita ce dalilin tarawar. Ashe hujjar da ke halatta ajiya ita ce da kanta ke wajabta buɗe ƙofa idan lokacin ya yi.

Daga nan sabuwar da'awata ta fito, ƙarama, mai sharaɗi uku. Ajiyar hatsi ba zalunci ba ce. Tana zama zalunci ne idan abin da aka ajiye abincin da rai ya dogara a kansa ne, kuma mabukata sun zo saye a farashin ranar ba su da wani wurin da za su iya kaiwa, kuma mai shi ya ƙi sayarwa ba don komai ba sai jiran ƙarin farashi. Na karanta wa kaina da ƙarfi, na ji ta zauna. Ina cikin sake kwafe ta a takarda mai kyau ne wani yammaci ya faɗo mini, biro ya tsaya a hannuna.

A cikin watan Agustan 2023 ne, tsakiyar marka, ina gida hutu. An rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kuɗin mota ya ninka, ruwa ya ɓata hanya, sauran ma'aunan unguwarmu duk sun sayar da nasu. Gero yana gona ya fitar da kai amma bai nuna ba. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, mai riƙon jikoki marayu, ta yi sallama da la'asar da kuɗinta a ƙulle a bakin zane. Ba roƙo ta zo ba, awon kwano uku take so. Baba ya gaishe ta da ladabi, ya ce ta yi haƙuri, bai buɗe ba tukuna. Ina tsaye a wurin. Na san akwai buhu sittin a bayan ƙofar nan, na kuma ji shi da daddare yana gaya wa wani abokinsa cewa nan da mako biyu farashin zai kai inda yake so. Bayan magariba Inna ta auna kwano biyu daga na cin gida ta aika ƙanwata da shi ta ƙofar baya, ina kuma kyautata zaton Baba ya sani ya kau da kai. Amma ba tsohuwar kaɗai ta zo ba a cikin makonnin nan biyu, sauran kuwa ba su da ƙofar baya.

Na bi sharuɗɗan nan uku ɗaya bayan ɗaya ina neman wanda zai saki mahaifina, babu. Sai na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ƙara sharaɗi na huɗu: sai idan abin da mutum ya ajiye ya haura buhu ɗari. Na ma samo masa suna mai kyau, na ce don a bambanta manyan 'yan kasuwa da ƙanana. Na kai wa Baffa ina fatan ba zai lura ba.

Ya karanta, ya ce, “Me ya sa ɗari?”

Na yi shiru.

“Buhun ƙanena nawa ne bara?”

Na ce sittin.

Bai yi mini faɗa ba. Ya ce tun suna yara akwai ma'aunin da aka sani da kwano biyu, mai zurfi na saye, wanda aka bubbuge gindinsa na sayarwa, kuma na san surar da ta sauka a kan masu irin wannan awo. Sharaɗin da aka ƙara ba don hujja ta nema ba, sai don a fitar da wani da ake so, bugun gindin kwano ne. Sannan ya nuna mini cewa ko ta fuskar hankali sharaɗin bai tsaya ba, tunda ni da kaina na ce illar ita ce rashin wani wurin saye. Buhu sittin a Dawanau ɗigo ne a kogi. Buhu sittin a unguwar da kowa ya ƙarar da nasa, a tsakiyar marka, su ne kasuwar gaba ɗaya. Na soke sharaɗin a gabansa.

Rubutun kansa bai ɗauke ni kwana biyu ba, domin wahalar duk an sha ta kafin a ɗauki biro. Na sa da'awar a sakin layi na farko, ba tare da share fage da halin da ƙasa ke ciki ba. Na bi da bambancin ajiya da ɓoyo, sannan hujjar Smith da cikakken ƙarfinta, sannan amsata. Na kawo labarin tsohuwar a matsayin misali, na ce wani ma'auni a wani gari. Daga shafi huɗun farko jimla biyu kaɗai suka tsira. Duk wata kalma da na sa don a ce na iya, na cire ta, na ga babu abin da ya ragu.

Abu ɗaya ya hana ni barci. Na rubuta hukunci a kan mutum, zan kai wa baƙo ya karanta ya ba ni maki, shi kuwa mai shari'ar bai ji ba. Daren da zan koma makaranta, bayan isha'i, na same shi a kan tabarma a ƙofar gida, na durƙusa na ce, “Baba, akwai abin da na rubuta, ina so ka ji kafin kowa.” Na riƙa karantawa ina mayarwa da Hausa. Da na zo kan hujjar masu ajiya ya gyaɗa kai, ya ce wannan Bature ya san kasuwa. Da na zo kan tsohuwar, muryata ta riƙa rawa, shi kuwa bai motsa ba. Na gama, shiru ya yi tsawo har na ji kukan gyare.

“Ban ce ka yi ƙarya ba,” in ji shi daga bisani. “Amma ka ce ba don komai ba sai jiran farashi. Kai wannan, bara ne aka ƙara muku kuɗin rajista. Na lissafa abin da ke hannuna, bai kai ba. Ribar makonnin nan biyu ita ta cike. Mutumin da haƙƙi biyu ke wuyansa, na ɗansa da na maƙwabcinsa, wanne zai fara saukewa? Littafin naka ya faɗa?”

Littafina bai faɗa ba. Duk sukar da na tattaro daga Sikotlan da Masar ba ta kai wannan ba, ga shi kuwa a ƙofar gidanmu take zaune tun farko. Na kwana a zaune. Kafin motar safe na yanke wani sakin layi na tsakiya don in sami wuri, na rubuta sukar Baba kamar yadda ya faɗe ta, ban rage mata kaifi ba. Na amsa da iyakar abin da na iya: cewa haƙƙoƙi idan sun yi karo ana duba wanda ba ya jira, karatu ana iya ɗage shi shekara guda a dawo a same shi, cikin yaro kuwa ba a ɗage masa mako biyu. Har yanzu ina ganin amsar daidai ce. Sai dai na ƙara jimla ɗaya a ƙarshe, cewa mai wannan amsa shi ne wanda ba a ɗage wa karatun ba, don haka idan akwai laifi a makonnin nan biyu, yana da kaso a ciki, kuma bai dace ya yi hukunci kamar wanda ya sauko daga sama ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Malaminmu ya ba ni maki mai kyau, ba mafi yawa a ajin ba. Ya ja layi a gefen sakin layin ƙarshe ya rubuta: “Wannan sukar a wane littafi ka samo ta?” Na je ofishinsa na gaya masa. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce in gaida mai ita.

Baba bai sake tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Da markar 2024 ta zo ina gida. Wata safiya, gero bai nuna ba tukuna, ya kira ni bakin sito, ya miƙo mini mabuɗi da kwano, ya ce, “Kai ne mai da'awa. Duk wanda ya zo, ka auna masa a farashin yau.” Ya saɓa fartanyarsa ya tafi gona. Na yi kwana goma sha ɗaya ina awo, har ƙurar gero ta toshe mini hanci. Da lokacin rajista ya zo, ya ƙirga abin da ya samu a gabana, ya tura mini, bai ce komai ba. Kuɗin bai kai ba. Na sayar da wayata, na kuma yi zango guda ina koyar da 'ya'yan wani mai shago lissafi da yamma kafin in cike gibin, na yi rajista ana saura kwana biyu a rufe.